Cokalin man zaitun da safe ya isa ya kare zuciya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Maigidana yana da hawan jini, gwaji kuma ya nuna kitse ya yi yawa a jininsa. Na ji cewa mutanen Girka da Italiya ba su cika ciwon zuciya ba saboda man zaitun da kifi. Yanzu kullum da safe ina ba shi cokali ɗaya ya sha. Hakan ya wadatar? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ya saka miki da kulawar nan.

Abin da kika ji yana da tushe. Tun 1958 wani masanin kimiyya ɗan Amurka mai suna Ancel Keys ya fara binciken ƙasashe 7, inda aka ga ciwon zuciya ya yi ƙaranci ƙwarai a tsibirin Kirit na Girka, alhali suna cin mai sosai. Daga baya a Sifaniya aka bi mutum 7,447 masu haɗarin ciwon zuciya kusan shekara 5, a binciken PREDIMED. Waɗanda suka ci abincin yankin Bahar Rum (yankin su Girka da Italiya) da man zaitun na tatsar farko sun samu raguwar kamuwa da ciwon bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 30 cikin 100. An sake fitar da sakamakon a 2018 bayan gyara, bai canja sosai ba.

To amma ga inda nake so ki tsaya ki lura. Mutanen nan ba shan man suke yi kamar magani ba. Da shi suke girki, shi suke zubawa a kan ganye, wake, tumatir da burodin alkama marar tacewa, jan nama kuwa sai jefi-jefi. Wato man zaitun ya maye gurbin man shanu da kitsen dabba ne. Idan kika ɗora cokalin nan a kan abincin da aka saba, kin ƙara masa kalori wajen 120 kullum, ƙiba kuma abokiyar hawan jini ce. Wannan na damuna, don mutane da yawa haka suke yi da kyakkyawar niyya.

Kifi kuwa, sau 2 a mako ya isa, musamman mai maiƙo irin sadin da makarel. Man omega-3 da ke cikinsu yana rage wani nau'in kitsen jini. A gasa ko a dafa, kada a soya shi cikin mai mai yawa, a kuma guji kifi mai gishiri saboda hawan jininsa.

Don Allah kada ya ajiye maganin da likitansa ya rubuta masa. Ki mai da cokalin nan cikin tukunya, ku rage gishiri, bayan wata 3 a sake auna kitsen jinin a gani.