Kafin Ka Taɓa Motar Mahaifinka

Ɗana, assalamu alaikum. Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi sau biyu kafin in ɗauki alƙalami. Ka ce 'yan'uwanka sun bar maka Peugeot 504 ɗin marigayi, kana so ka sauke injinta ka ɗora na zamani, ka sa mata faffaɗan tayoyi, ka sake mata launi, amma zuciyarka tana ɗar-ɗar ko hakan rashin kunya ne. Ka kuma tambaya ko buɗe bonet da ɗumama mota da muke yi kowace safiya dole ne, ko dai sabo ne kawai na tsofaffi. Na ji daɗi da ka tambaya tun sifana ba ta taɓa ko noti ɗaya ba.

Bari in fara da ta safiyar, don ita ce ta fi sauƙi. Ba don ado muke yi ba. Motar nan kafireta gare ta, ba kwamfuta. Idan inji ya kwana ya yi sanyi, fetur ba ya gauraya da iska yadda ya kamata, sai ya riƙa lafewa a jikin bututun da ke kai shi silinda, shi ya sa ake jan cok, wato abin da ke rage iskar da ke shiga kafireta, a ƙara masa mai har ya farfaɗo. Amma a nan mutane da yawa suka wuce gona da iri. Minti ɗaya ko biyu ya isa, ka mayar da cok, ka tashi a hankali ba tare da danne totur ba. Barin ta tana ruri kwata guda da cok a jaye yana baƙanta fulogi, fetur ɗin da bai ƙone ba kuma yana wanke man da ke jikin silinda. Ƙaramar motarka ta aiki da kwamfuta ke auna wa mai ba ta buƙatar wannan jiran.

Buɗe bonet kuwa, wannan kada ka bar shi. Har yanzu ina ganin mahaifinka tsaye da ɗan tsumma a hannun hagu, ya zaro sandar awon baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya karkata ta wajen haske. Daga nan sai ya murza marfin mai ya dubi cikinsa. Abin da yake nema shi ne wani kumfa mai kama da madara, alamar ruwa ya shiga mai. A injin 504 silindojin zare su ake yi, ruwan sanyaya inji yana zagaye su kai tsaye, akwai abin toshe yoyo a gindin kowacce, ga kuma gasket a sama. In ɗaya ya sare, a marfin nan za ka fara gani, tun kafin allurar zafi ta gaya maka komai. Duban minti uku ne, amma shi ya sa motar ta kai hannunka da injinta na asali.

To, sai babbar maganar.

Masu riƙe tsofaffin motoci, ko'ina suke, ƙa'idarsu guda ce: a gyara kafin a canza, kuma kada a yi canjin da ba za a iya warwarewa ba. Duk abin da aka cire, a wanke shi, a rubuta sunansa a jiki, a ajiye a kwali. Motar da iyali suka tashi a cikinta ba ta zama ta mutum ɗaya don makulli yana aljihunsa. Ƙanwarka a kujerar bayan nan ta yi barcin tafiye-tafiye, mahaifiyarku ta san ƙarar injin tun motar tana nesa da gida. Saboda haka launi da inji, ka je ka zauna da su ka yi musu bayani. Ba wai za su hana ka ba ne. Amma akwai bambanci tsakanin wanda aka yi shawara da shi da wanda ya leƙo ya tarar an gama.

Ka san abin da ke hannunka ma tukuna. An fito da 504 a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta. A 1975 ita ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka, Ove Andersson yana tuƙi, a kan hanyoyin da suke karya motoci kamar kara. An ƙera fiye da miliyan 3. Injin taku mai cc 1971 ne, sarƙa ke juya sandar da ke motsa bawul ɗinsa ba bel ba, kuma a karkace aka kwantar da shi, wajen digiri 45, don bonet ya yi ƙasa. Sandar da ke kai ƙarfi tayoyin baya a cikin wani bututun ƙarfe take tafiya. Duk wannan na faɗa ne don ka gane cewa injin wata mota ba zai zauna a wurin haka siddan ba. Sai an yanka, an yi walda, an sake mazaunin inji, an haɗa giya da dabara, an farke wayarin. Ranar da kwamfutar sabon injin ta yi gardama, bakanike zai rasa littafin da zai duba, don motar ta tashi daga 504, ba ta kuma zama waccan ba. Lambar inji da ke takardunku ma sai an bi an gyara. Ni dai ban goyi bayan wannan ba. A gwada ƙarfin matsin silindoji huɗun tukuna. In sun yi kusa da juna, injin nan da sauran shekaru a gabansa, in ma sun gaji ana sake silinda da fistan da zobe ya dawo sabo.

Akwai canjin da zan ce ka yi tun gobe, mahaifinka ma da yana nan zai yarda. Birki ne farko. Ruwan birki yana shan danshi daga iska, in ya tsufa sai ya tafasa a gangare, ƙafarka ta nutse har ƙasa babu komai. A zubar da shi duk shekara biyu, a sake tiyoyin roban birki ko da a ido suna da kyau, don daga ciki suke kumbura. Sai taya. Dubi gefenta, ƙarshen rubutun da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Tayar da ta shekara goma ta gama aiki ko zanenta bai cinye ba, har da safaya. Faffaɗan tayoyin da kake sha'awa kuwa za su sa sitiyari nauyi, su ci boris, su kashe laushin nan da aka san motar da shi. Ka sa bel a kujerun baya saboda yara, irin mai ratsa ƙirji da ƙugu wanda Volvo ta fara sawa a 1959. Ka cire kwantak, wato abin da ke katse wuta don fulogi ya yi tartsatsi, ka sa na zamani na lantarki, tashi zai yi sauƙi, tsohon kuma ya shiga kwali. In za ka ƙara rediyo ko fitila, kowace waya ta bi ta fiyus ɗinta. Wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif ta ƙona motoci da yawa.

Abu ɗaya zan roƙe ka, don ni na gani a kaina. Shekarun baya motata ta fara zafi, wani bakanike ya cire tamostat ya jefar, ya ce ba shi da amfani, na yarda. Zafin ya lafa na ɗan lokaci, amma mota ta koma shan mai, fulogi kullum baƙi, ashe lagireto ne ya toshe da tsatsa tun farko, saboda ruwa zalla da nake zubawa. Wata rana a kan doguwar hanya, da iyali a ciki, tururi ya turnuƙe bonet. Kan injin na alminiyom ne, ya lanƙwashe, sai da aka kai shi aka fere. Tamostat yana riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 80, kada kowa ya raba ka da shi. A wanke lagireto, a zuba ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa, a sake marfinsa, don matsin da marfin ke riƙewa shi ke hana ruwa saurin tafasa. Kuma kada ka taɓa buɗe shi da zafi.

Fenti shi ne na ƙarshe, ko da yake na san shi ya fi tsone maka ido. Ɗaga shimfiɗar ƙasa, leƙa gindin ƙofofi da cikin but da ƙarƙashin batir. Inda tsatsa ta ci, a yanke a sa ƙarfe, ba a cusa foti a shafe ba, don bayan shekara zai kumburo ya fashe. In an gama wannan, mahaifiyarku ta ce ta amince da sabon launi, ba ni da ta cewa. Ni dai farin nan na saba gani a ƙofar gida.

Ka duba cikin akwatin gaban fasinja, akwai wani ɗan littafi mai shuɗin bango. Duk juyen mai da sauyin kaya marigayi yana rubutawa a ciki, da rana da lambar kilomita. Ka ci gaba daga shafin da ya tsaya. Ran Asabar ka zo da littafin da motar, ka taho a hankali tun da ba mu san halin birkin ba, mu ɗaga ta a jak mu cire tayoyin gaba. Ka gaida mahaifiyarku da yaran.

Baffanka.