Ana iya ganin cutar mantuwa a ƙwaƙwalwar mai rai?

Tambaya: Mahaifina yana da shekara 74. Ya fara manta sunayen jikokinsa, ran nan ma ya ɓace a hanyar masallacin da ya fi shekara 30 yana zuwa. Na ji an ce akwai na'urar da ke ganin cutar Alzheimer tun mutum yana raye. Gaskiya ne?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ɗan'uwa. Gaskiya ne, sai dai abin bai daɗe ba. Tun 1906 da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana cutar, ba a iya tabbatar da ita sai bayan mutum ya rasu, a buɗe ƙwaƙwalwarsa a ga wani furotin da ake kira amyloid ya dunƙule tsakanin ƙwayoyin jijiya.

Na'urar PET ce ta sauya wannan. Ana yi wa mutum allurar wani sinadari mai ɗan tururin nukiliya, ya bi jini ya je ya manne wa amyloid, na'urar ta hango inda ya taru. Masana a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka ne suka haɗa sinadarin, aka gwada shi a jikin mutane a Uppsala ta Sweden, aka fitar da sakamakon a 2004. Abin da ya fi taɓa ni shi ne an gano cewa tarin yana farawa shekara 15 zuwa 20 kafin iyali su lura da komai. Kuma akwai tsofaffi masu amyloid da hankalinsu garau yake, don haka hoton kaɗai ba ya yanke hukunci.

Sinadarin ba ya jira. Rabin ƙarfin na farkon yana gushewa cikin minti 20, na baya-bayan nan kuma cikin minti 110, dole injin da ke haɗa shi ya kasance kusa da asibiti. Shi ya sa gwajin yake da tsada da wuyar samu.

Game da Baba, kada ku tsaya jiran PET. Ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa, a auna hawan jini da sukari, a duba aikin ƙwayar maƙogwaro da ake kira thyroid da bitamin B12, a yi masa hoton CT ko MRI. Wata mantuwar daga ƙananan shanyewar jiki take, wata kuma daga jinin da ya taru a kai bayan faɗuwa, kuma wannan ana yi masa aiki a warke. Ku tafi da duk magungunan da yake sha a leda, tare da wanda ya fi zama da shi kullum.