Motata tana ƙin tashi, batir ne ko kik?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, motata takan ƙi tashi a wasu lokuta. Idan na murɗa makulli sai in ji "ƙas" sau ɗaya, daga nan shiru, alhali fitilu suna haske sosai. Na sayi sabon batir, amma matsalar tana nan. Me ke damunta? Daga mai karatu a Ɗorayi, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, bayaninka ya fi nuni ga kik, wato na'urar da ke juya injin har ya kama. Da batir ne ya yi sanyi, da ka ji ƙarar tana maimaituwa da sauri, fitilu kuma suna dusashewa yayin da kake murɗa makulli. Ƙara ɗaya tare da haske mai kyau na nufin wuta tana isa, amma kik ɗin ya kasa juyawa, kuma galibi burushin da ke cikinsa, wato ƙananan gawayin da ke kai masa wuta, su ne suka cinye, ko kuma wurin da wuta ke haɗuwa ya ƙone.

Kafin a kwance komai, a duba kan batir da wayar da ke haɗe da jikin mota, domin kik yana jan wutar da ta haura amfiya 100, kuma farin garin nan da ke taruwa a kan batir ya isa ya hana ta wucewa. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota tana kashe. Ina jin takaicin yadda ake sa mutane sayen batir ba tare da an yi wannan awon na minti biyu ba.

Akwai wasu alamun. Idan ka ji gurzar ƙarfe, haƙoran kik ne ba sa shiga na filawil daidai, wato babban faifan ƙarfen da ke bayan injin wanda kik ke juyawa, kuma jinkiri a nan yana da tsada, tunda sauya filawil sai an sauke giyabos. Idan kuma ya yi ta juyawa fiii injin bai motsa ba, haƙorin ne ba ya kamawa. Wani kik ɗin yakan yi aiki da safe, amma idan aka tsaya shan mai bayan cunkoson titin Zariya a zafin Afrilu sai ya yi nauyi. Warin ƙuna ko hayaƙi kuwa, a saki makulli nan take, kuma kada a riƙe shi fiye da daƙiƙa 10 a kowane gwaji.

Dukan kik da sifana yakan tayar da mota sau ɗaya ko biyu, sai dai yana iya fasa maganaɗisun da ke cikin na zamani. Ka kai ta wurin ƙwararren mai wayarin. Sau da yawa sauya burushi ya wadatar, idan kuma ya kama a sayo wani kik ɗin a kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa, to a gwada shi da batir a gabanka kafin ka biya.