Amsa: In rage bashin gida ko in fara ajiya?

Ɗan'uwa, ka ce kana biyan bashin gida na NHF (asusun gidaje na ƙasa) ta Bankin FMBN (bankin gwamnatin tarayya mai ba da lamunin gidaje), kana tambaya ko ka riƙa zuba rarar albashinka don bashin ya ƙare da wuri. Ni dai a ganina, dakata tukuna.

Ruwan bashin nan kashi 6 ne cikin ɗari a shekara, wa'adinsa kuma yakan kai shekara 30. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30. Ka ga ke nan abin da ake cire maka duk wata bai motsa ba, buhun shinkafa kuwa a shekarar ya yi ta tashi. Gaggawar me?

Fara tara kuɗin cefanen wata uku a asusu daban, wanda ba ka yawo da katinsa. Rashin lafiya ko kuɗin makarantar yara ne ke jefa magidanci hannun masu ba da bashi da ruwa mai tsada. Adashi ma yana taimakawa, in ka yarda da uwar adashin.

Amma in maganar haramcin kuɗin ruwa (riba) ce ke damun zuciyarka, to biya da wuri ya fi maka kwanciyar hankali. Ka zauna da uwargida ku yi lissafin tare.