Tambaya da Amsa: Haɗa abincin kifin ruwan gishiri da murjani a gida

Tambaya: Malam, ina da tankin ruwan gishiri mai lita 300, da kifaye bakwai da murjani mai rai iri-iri. Ina so in fara haɗa musu abinci da kaina. Me zan zuba, kuma yaya ake yi?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙa'ida ta farko ita ce duk naman da zai shiga haɗin daga teku zai fito, kuma ɗanye. Naman shanu, kaza da kifin kogi ba sa cikin lissafi, domin ba su da wadataccen man omega-3, wato EPA da DHA, wanda jikin kifin teku yake buƙata. Kitsen dabbar tudu kuma taruwa yake yi a hantar kifi.

Ga ma'aunin rabin kilo: jatan lande giram 200, a ɓare a cire kai, naman kawa da sauran halittun teku masu ɓawo biyu giram 120, farin kifin teku marar maiƙo giram 80, sikwid (wata dabbar teku mai hannuwa da yawa) giram 60, ƙwan kifi marar gishiri giram 40. A kan wannan sai falle biyu na nori, busasshiyar ciyawar teku, wadda ba a sa mata gishiri ko mai ba, da cokalin shayi ɗaya na garin sifirulina, wata irin gansakuka da ake ci. Kada ka ƙara sikwid a kan haka. Yana da tauri, yana naɗe wuƙar bilenda, idan ya yi yawa kuma sai ka ga kumfa ta cika saman tanki.

Ka fitar da naman daga firiza ya ɗan saki, amma da sauran ƙanƙara a jikinsa. Naman da ya narke gaba ɗaya damewa yake yi a bilenda, ba ya yankuwa, wanda ke da sauran sanyi kuwa yana fita gutsi-gutsi. Ka ɗauraye shi da tacaccen ruwan da kake haɗa ruwan tankin da shi, ka tsane a rariya. Daga nan ka raba gida uku. Kashi na farko ka yanka da wuƙa, girman milimita 3 zuwa 5, na manyan kifi. Na biyu ka sa a bilenda kana kunnawa kana kashewa, daƙiƙa ɗaya-ɗaya, har ya koma milimita 1 zuwa 2. Na uku, wanda ya fi ƙanƙanta, shi za ka markaɗa ya yi laushi saboda murjani, kuma kawa ta fi dacewa da wannan. Nori a jiƙa shi minti biyar a daddatsa. Sai ka haɗe komai a kwano ɗaya, ƙwan kifi a ƙarshe don kada ya farfashe, ka juya da cokali.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba komai a bilenda a bar ta tana gudu. Abin da ke fitowa ruwan nama ne da kifi ba zai iya cafka ba, sai ya watse a tanki ya zama abincin gansakuka. Ma'auni mai sauƙi: gutsuren kada ya wuce girman idon kifin da zai ci shi.

Ka zuba a leda mai zif, ka danna ya baje har kaurinsa ya koma kamar milimita 5, ka matse iska ta fita, ka ja layuka da bayan wuƙa don ya yi sauƙin ɓallewa. Ka rubuta kwanan wata a jiki, sai firiza. Duk aikin kada ya wuce rabin awa, nama yana ɗumama ƙwayoyin cuta suna ƙaruwa. Idan akwai ciwo a hannunka, ka sa safar roba.

Tambaya: Tun da na koma ba su abincin gida, sinadarin fosfet a ruwan tankin ya tashi daga 0.05 zuwa 0.3, gansakuka ta rufe duwatsu. Malam, ko abincin ne?

Amsa: Hajiya, ki fara duba ledar da jatan landen ya zo a ciki. Masu sarrafa abincin teku da yawa suna jiƙa shi a sinadarin tirayifolifosfet don ya riƙe ruwa ya ƙara nauyi, a wasu ƙasashe ana rubuta shi da lamba E451. Idan kin gan shi a jerin kayan haɗi, to fosfet ne tsagwaronsa kike zubawa, shi kuwa taki ne ga gansakuka, kuma ɗauraya ba ta fitar da shi duka, don ya riga ya ratsa naman. Irin wannan naman yakan yi santsi da ƙyalli, idan ya narke kuma ya tsiyayar da ruwa mai yawa. Ki nemi wanda ba a rubuta komai a jikinsa ba sai sunan naman.

Idan ledar ba ta da laifi, to yawan abincin ne. Na gida ya fi yawancin na kanti cika, domin babu ruwan da aka ƙara masa, amma mutane sukan ɓallo daidai girman da suka saba. Ki rage rabi. Duk abin da kifayen suka kasa cinyewa cikin minti biyu, to ya yi yawa. Ki narkar da shi a ƙaramin kofi da ruwan tanki, ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, sai sun cinye ki ƙara. Zubar da ruwan narkewar yana ɗan taimakawa, amma kada ki dogara da shi, mafi yawan fosfet a cikin tsokar yake.

Wajen saukar da fosfet ɗin kuma a bi a hankali. Murjani ya fi jure fosfet mai ɗan yawa a kan faɗuwarsa kwatsam. Ki canza kashi 10 cikin ɗari na ruwan kowane mako, ki wanke audugar tacewa duk bayan kwana biyu ko uku, ki riƙa aunawa. Masu kiwon murjani da dama suna riƙe fosfet tsakanin 0.03 da 0.1, naitiret kuma, wato sinadarin da ke taruwa daga kashin kifi da ragowar abinci, tsakanin 2 da 10. Sifili ba abin nema ba ne, murjani kan koɗe idan ruwan ya rasa su gaba ɗaya.

Tambaya: Na ji an ce haske kawai murjani yake buƙata. To me ya sa za a ciyar da shi?

Amsa: Malam, murjani dabba ne mai baki. Yawancinsu suna ɗauke da ƙananan tsirrai a cikin tsokarsu, waɗanda ke sarrafa haske su ba su sukari, amma abin gina jiki daga abin da suka kama suke samun ƙari. Akwai ma irin su Tubastraea da ba su da waɗannan tsirrai sam, idan ba a sa wa kowane baki abinci sau da yawa a mako ba, ramewa zai yi ya mutu.

Masu manyan baki da tsoka, irin su Acanthastrea da Trachyphyllia, suna karɓar gutsure na milimita 2 zuwa 3. Masu ƙananan baki kamar Acropora da Montipora sai markaɗaɗɗe ƙwarai. Ka jira fitila ta mutu da kamar rabin awa, ka ɗiga ɗan ruwan abincin a tanki. Cikin 'yan mintuna za ka ga siraran hannuwa suna fitowa kewaye da bakin. Ka kashe famfunan da ke kaɗa ruwa, ka ɗebi abincin da sirinji marar allura, ka saki a hankali a saman hannuwan. Idan ka fesa da ƙarfi zai tsuke ya ƙi ci. Bayan minti 15 ka kunna famfo, kuma ka sa ƙararrawa a waya, domin famfon da aka manta a kashe har safe yana iya hana kifaye iska. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Idan washegari ka ga dunƙulen abu mai yauƙi a bakinsa, amayarwa ya yi, gutsuren ya yi masa girma.

Tambaya: Tafarnuwa fa? Wai tana maganin cutar farin ɗigo da ke fitowa a jikin kifi?

Amsa: Ba ta kashe ƙwayar da ke kawo farin ɗigo. Wasu kifaye ƙamshinta yana jan su ga abinci, iyakar amfaninta ke nan. Ƙwara ɗaya a rabin kilo ta isa, barinta ma babu asara. Kifin da ya kamu a ware shi a tankin jinya a yi masa magani.

Tambaya: Malam, tsawon wane lokaci zai yi a firiza, kuma zan iya ba su shi kaɗai?

Amsa: A sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, ka ƙarar da shi cikin wata uku. Daskarewa ba ta tsayar da lalacewar mai da bitamin, rage musu gudu kawai take yi. Idan gefen ya yi fari ya bushe, ko ka ji ƙarni mai kaifi, ka zubar. Wanda ya narke ba a mayar da shi, saboda haka ƙananan leda da yawa sun fi babba guda.

Batun ba su shi kaɗai, akwai abin lura. Wasu naman teku, ciki har da jatan lande da wasu masu ɓawo biyu, suna ɗauke da sinadarin tayaminez wanda ke lalata bitamin B1, kuma yana ci gaba da aikinsa ko a firiza. Kifin da ya daɗe a kan irin wannan nama kaɗai yakan daina ci, iyonsa ya rikice. Shi ya sa ake gauraya nama iri-iri, ana kuma ɗiga bitamin na kifin teku a kan wanda aka narkar, a bar shi minti goma kafin a zuba, sau biyu ko uku a mako. Ka ci gaba da ba su busasshen abinci mai kyau sau ɗaya a rana. Masu cin ganye, irin su kifin tang, a maƙala musu nori a jikin gilashi kullum, a cire ragowar bayan 'yan awanni kafin ya ruɓe.