Wane wasa zan yi da yara a ajin Hausa lokacin sanyi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da Hausa ranar Asabar ga yaranmu da aka haifa a Landan, 'yan shekara 5 zuwa 8. Lokacin zafi mukan fita fili su yi guje-guje, amma yanzu sanyi ya kulle mu a ɗaki ɗaya, ko minti goma ba a yi sai hankalinsu ya watse. Wasannin da nake samu duk na Turanci ne. Me zan yi da su da Hausa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri kan wannan aiki. Kada ki wahalar da kanki wajen juya wasannin Turanci zuwa Hausa. Kayan darasinki suna jikin yaran tun daga bakin ƙofa: hula, safar hannu, rigar sanyi, takalmi, mayafin wuya. Kalmar da yaro zai ji uwarsa ta faɗa gobe da safe ita ce za ta zauna masa, saboda haka da su za ki fara.

Wasan farko shi ne "Sarki ya ce". Ki tara kayan sanyinsu a tsakiyar ɗaki, ki riƙa ba da umarni: "Sarki ya ce ku sa hula." "Sarki ya ce ku cire safar hannu." In kika ce "ku zauna" ba tare da ambaton Sarki ba, duk wanda ya zauna ya faɗi. Wannan hanya ta haɗa magana da motsin jiki ba sabuwa ba ce, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna James Asher ne ya tsara ta tun shekarun 1960. Hujjarsa ita ce yaro yakan fahimci magana ya aikata tun kafin bakinsa ya iya furtawa. Don haka makon farko kada ki matsa wa kowa sai ya yi magana. Ki bar su su ji, su yi.

A mako na biyu ne ribar wasan take fitowa. Ki daina cewa "ku", ki riƙa nuna yaro ɗaya: "ka sa hularka", sannan yarinya: "ki sa hularki". Yaran da suka tashi da Turanci a nan suke yawan tuntuɓe, domin Turanci ba ya bambanta namiji da mace wajen wanda ake yi wa magana. Za ki ji yaro ya ce wa yayarsa "ka zo". Kada ki tsaya bayanin nahawu, ɗan shekara shida ba ruwansa da wannan. Ki naɗa ɗaya daga cikinsu Sarki ko Sarauniya, ki ɗora masa hula ta musamman, shi ya ba da umarni. In ya ce wa yarinya "ka tashi", ita kuma ta ƙi motsi har sai ya ce "ki tashi". Dariyar da za a yi masa ta fi gyaranki tasiri. Ta wannan hanya kuma kunnensu zai kama bambancin "hularka" da "takalminka", da "farar riga" da "farin takalmi", ba tare da kin rubuta komai a allo ba. Sai dai wanda ya faɗi kada ki fitar da shi ya zauna gefe, ki mai da shi dogarin Sarki mai kama masu kuskure.

Na biyu ina kiransa "Landan ko Kano". Ki manna sunan kowane gari a kusurwa guda, ki riƙa faɗin kalma, su ruga inda ta dace. Ruwan sama, laima, duhu da wuri: Landan, inda a Disamba rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma. Ƙura, hazo, tsagewar leɓe, kaushi, jin ɗumin wuta da asuba: Kano. Rigar sanyi kuwa ta kowa ce, sai su tsaya tsakiya. A nan za ki gaya musu cewa hunturun gida busasshe ne, iska ce ke kaɗowa daga Sahara tun ƙarshen Nuwamba har zuwa Maris, kuma mafi yawan ƙurar tana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Yara da yawa suna zaton Najeriya da Nijar zafi ne kullum. In da hali, ki sa su tambayi kaka ta waya ko an fara sanyi, su kawo amsa mako mai zuwa.

Akwai kuma jakar lalube. Ki zuba citta, kanumfari, ɗan kwanon man kaɗanya, safa da lemo cikin jaka. Yaro ya rufe ido, ya taɓa, ya shinshina, ya faɗi suna. Ki fara tambayar iyaye ko akwai wanda wani abu ke tayar wa da ƙaiƙayi.

Ƙanƙara kuwa ba sai kin jira ta sauko ba, tunda a Landan ba kowace shekara take kwanciya ba. Daren Juma'a ki jefa wake ko maɓalli cikin kofin ruwa ki sa a firji ya daskare. A aji kowace ƙungiya ta karɓi nata a faranti, da ruwan ɗumi da cokali, a ga wa zai fara ciro abin da ke ciki. Sharaɗi ɗaya: ba a ba da cokalin ruwa sai an roƙa da Hausa. Daga nan "sanyi", "ɗumi", "ya narke", "ya daskare" suke shiga. Kalmar ƙanƙara ma tana da ƙ har biyu, ɗumi yana da ɗ, maɓalli yana da ɓ, ga atisayen harufa masu lanƙwasa ya samu.

Kowane wasa kada ya wuce minti bakwai zuwa goma, sababbin kalmomi kuma shida ko takwas sun isa a zama ɗaya. Ki riƙa bin wasan gudu da na zama. Minti goma na ƙarshe ki rage fitila, a shimfiɗa bargo, ki ce "Ga ta nan ga ta nanku", su amsa "Ta zo mu ji ta". Ki ƙirƙiro labarin Gizo da ya sace bargon Ƙoƙi, ki cusa kalmomin ranar a ciki, duk inda aka ambaci sanyi su yi rawar ɗari. Kalmomin nan kuma ki tura wa iyaye ta WhatsApp da yamma, ki roƙe su su yi amfani da su wajen shirya yaran makaranta ranar Litinin.