Tsakanin DSLR da ƙaramar kyamarar aljihu

Tambayarka ita ce wacce za ka saya, babbar DSLR (irin kyamarar da ake iya canza wa lens, wato gilashin da ke gabanta) ko 'yar ƙaramar kyamarar aljihu, tunda hoton yara kake son ɗauka a cikin ɗaki da daddare. Ɗauki DSLR, ɗan'uwa. Bambancin yana wurin sensa, wato faifan da ke karɓar haske a cikin kyamara. Na yawancin DSLR, wanda ake kira APS-C, ya kai kusan milimita 23.5 da 15.6, na yawancin ƙananan kuwa bai wuce 6.2 da 4.6 ba, kusan ninki 13 ke nan a girman fili. Shi ya sa da haske ya ragu sai ƙaramar ta ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske, fuska ta fito da ɗigo-ɗigo kamar an watsa mata yashi, yaro kuma yana juya kai hoton ya dishe. A DSLR ka sa lens mai 35mm f/1.8 (mai buɗewa sosai don haske ya shiga), saurin ɗauka 1/250 na daƙiƙa, ISO wajen 1600, za ka ga har ƙyallin idonsa.

Amma fa da sharaɗi: sai in za ka jure ɗawainiyarta. Ita da lens ɗinta suna kai kilo guda, ƙaramar kuwa giram 150 ce, ta shige aljihun riga. In ka san nauyi zai sa ka riƙa barinta a gida, ƙaramar ta fi maka. Kuma duk lokacin canza lens, ka kashe ta ka kifa bakinta ƙasa, don ƙura na sauka kan sensa za ka riƙa ganin baƙin tabo a kowane hoto.